Sun Ce Ƙofa a Buɗe Take, Amma Ba Mai Amsa Sallama

Assalamu alaikum Malam. Ina yi maka fatan alheri, Allah ya ƙara basira.

Ni matashi ne ɗan shekara 26 a nan Damagaram, unguwar Garin Malam. Na gama lisans a fannin kwamfuta, aiki bai samu ba, sai na ce maimakon zaman fada da shan shayi daga safe har dare, bari in ƙirƙiri abin yi. Ni da wani abokina muka haɗa manhajar salula da ke faɗa wa mutum farashin tiyar gero da dawa da wake, da kuɗin tumaki da awaki, a kasuwar Dole da Mirya da Matamai da Magarya. Da Hausa take, a rubuce kuma da murya, saboda waɗanda ba su yi lakwal ba. Muna da mutum 7 a kasuwannin nan da ke turo mana farashi duk ranar kasuwa.

Mun gina ta a kan wani sabon tsarin waya da wani kamfanin waje ya fito da shi don wayoyi masu araha. Abin da ya ja mu shi ne sun ce tsarinsu buɗaɗɗe ne, kowa ya zo ya yi gini, ga shi manhajoji ba su yi yawa a cikinsa ba, muka ce tamu za ta fito fili. Kawuna da ke da shago a Dole ya ranta mini jika 400. Na sayi kwamfuta da wayoyin gwaji biyu da batir da sola saboda yankewar wuta, sauran ya tafi a sayen mega.

Yau wata 9 ke nan. Mun miƙa manhajar ga rumbunsu, inda jama'a ke sauke manhajoji, aka yi sati 11 shiru, sannan aka aiko da layi ɗaya cewa ba ta cika ƙa'ida ba. Wace ƙa'ida? Oho. Ana cikin haka suka sabunta tsarin ba sanarwa, sai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ duk suka koma ƴan akwatuna a fuskar waya. Na rubuta musu sau 6, amsar inji kawai ke dawowa. Kwanan nan kuma muka ji cewa wasu manyan kamfanoni sun samu sababbin kayan aikin haɗa manhaja tun watannin baya, an sa su sa hannu cewa ba za su faɗa wa kowa ba.

Abokina ya ce mu yi musu zazzafan rubutu a Facebook mu tona musu asiri, mu watsar da aikin. Ni barci ma ba na samu. Wata 4 ke nan ina ce wa kawu "an kusa", yanzu har na daina bin layin shagonsa. Malam, in tona su, in ci gaba da jira, ko in haƙura?

Ƙaninka daga Garin Malam

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Na cire sunan kamfanin daga wasiƙarka. Ba don tsoronsu ba, sai don bakinka kaɗai na ji, kuma abin da zan faɗa maka ba ya canzawa ko su waye.

Fushinka yana kan hanya. Na lura kuma ba ƙin karɓar manhajar ne ya fi ci maka rai ba. Maƙeri in an dawo masa da garma aka ce bakinta ya karkace, mayar da ita wuta zai yi ya gyara. Abin da ba ya jurewa shi ne a jefar masa da ita a ƙofar maƙera a juya, ba a ce uffan ba. Wannan aka yi maka, sau 6.

Amma ba kanka farau ba, kuma ina so ka ji yadda ta kaya da waɗanda suka riga ka, domin a nan amsar take. A watan Nuwamba na 2007 Google da wasu kamfanoni 30 da ɗoriya suka sanar da Android, suna ta shelar cewa buɗaɗɗen tsari ne. A lokacin ko waya ɗaya babu a kasuwa. Don su jawo masu haɗa manhaja, sai Google ya sa gasa ta dalar Amurka miliyan 10 (ba dalarmu ta sayen goro ba). Aka shigar da manhajoji 1,788, aka zaɓi 50 a zagayen farko. Daga nan sai kayan aikin da ake ba kowa da kowa suka tsaya cak, wata da watanni ba sabo, ga kurakurai ana ta kai ƙara ba amsa. A watan Yuli na 2008 wani ma'aikacin Google ya yi kuskuren tura wa jama'a saƙon da aka yi nufin masu manhajoji 50 ɗin nan, sai duniya ta gano ashe su ana ba su sababbin kayan a ɓoye, bisa yarjejeniyar rufe baki. Ka ji kama da labarinka? Masu haɗa manhaja suka harzuƙa, suka rubuta takardar koke suka sa hannu, wasu suka ce sun koma iPhone. A Agusta aka saki sababbin kayan ga kowa, a Oktoba wayar farko ta fito, G1 ta kamfanin HTC, aka kuma fitar da asalin rubutun tsarin, wato rubutun kwamfuta da aka gina shi da shi. Yau mai kabu-kabun da ya sauke ka a Dole, in wayarsa ta shafa ce, kusan tabbas Android ce. Shi ma Apple a shekarar ya ɗaure masu haɗa manhajar iPhone da takardar rufe baki, har ba su da ikon tattauna aikin a bainar jama'a, sai a Oktoba na 2008 ya sassauta bayan surutu ya yi yawa.

In na tsaya a nan za ka ce to haƙuri ne maganin. Saurara tukuna. Nokia, wanda a lokacinsa ko tsohuwa a ƙauye ta san sunansa, ya yi ta kiran masu haɗa manhaja su koyi kayan aikinsa na Qt, yana cewa da su za a gina wa tsohon tsarinsa Symbian da sabon tsarinsa MeeGo. A Fabrairu na 2011 shugaban kamfanin, Stephen Elop, ya fito ya ce sun koma Windows Phone na Microsoft. Waya ɗaya tak mai MeeGo Nokia ya sayar, N9, shi ke nan. Kamfanin HP ya sayi Palm a 2010 saboda tsarinsa webOS, ya fito da kwamfutar hannu TouchPad a kansa ranar 1 ga Yuli na 2011, bai kai kwana 50 ba ya ce ya daina. Na kusa da mu kuma shi ne Firefox OS na Mozilla, wanda aka yi musamman don wayoyi masu araha irin na ƙasashenmu. Wayoyinsa na farko sun fito a 2013. A 2015 kamfanin sadarwa na Orange ya sanar da wayar Klif a kansa don ƙasashen Afirka da dama, Nijar na cikin jerin. A Disamba na wannan shekarar Mozilla ya ce ya janye daga harkar. Waɗanda suka zuba shekarunsu a kan waɗannan tsare-tsare ba su fi ka rashin wayo ba, kuma yawancinsu a labarai suka ji.

Ka ga matsalar ke nan. Gidan da aka yi shiru ana shirin biki, da gidan da aka yi shiru ana ɗaure kaya za a tashi da dare, daga waje kamarsu ɗaya. Ba za ka iya gane wanne ne naka daga rashin amsa ba, don haka ka daina kwana kana fassara shirunsu. Akwai abubuwan da ido ke gani, zan zo kansu.

Kafin nan, kalmar nan "buɗaɗɗe" da ta ja ku. Ka shiga Birni ka dubi manyan gidajen nan masu zane a fuska. Zaure a buɗe yake, baƙo ya shiga ya zauna, a kawo masa ruwa. Wannan ba ya nufin zai wuce cikin gida, balle a tambaye shi wane ɗaki za a rushe bana. Kamfani in ya ce tsarinsa buɗaɗɗe ne, sau da yawa zauren yake nufi: ga asalin rubutun nan, ka karanta, ka kwafa in kana so. Yadda ake yanke shawara, da abin da za a canza wata mai zuwa, wannan cikin gida ne. Android kansa haka yake tafiya, ana gina shi a cikin Google sannan a fito da shi in an gama, kuma a 2011 sun riƙe rubutun Android 3.0 watanni ba su sake shi ba. Akwai kuma ƙofa ta uku wadda ita ce ta fi shafar cikinka: hanyar da manhajarka za ta bi ta isa wayar mai sayar da awaki a Magarya. In ba ta shiga waya sai ta rumbunsu, to mabuɗin shagonka yana aljihunsu, ko da sun buga rubutunsu a bangon kasuwa. Wannan ce tambayar da ya kamata ku yi tun ran gini. Ban faɗa don in zarge ka ba, kusan duk wanda ya fara wannan sana'a sai ya sha wannan ruwan sau ɗaya.

Buɗewar zauren ma ba banza ba ce, kada abokinka ya ce duk yaudara ce. Da kamfanin Canonical ya watsar da tsarinsa Ubuntu na waya a 2017, masu sa kai na UBports suka ɗauka suka ci gaba, don rubutun a fili yake. Sai dai wannan ya ceci tsarin ne, bai biya wa kowa bashin kawunsa ba.

Me ya sa suke shiru? Ka tambayi kanka wa ke biyansu. Sabon tsarin waya ba ya rayuwa sai masu ƙera waya sun yarda sun sa shi, kamfanonin sadarwa sun yarda sun sayar, kuma manyan manhajojin da kowa ke tambaya kafin ya sayi waya, irin su WhatsApp, sun shigo. Waɗannan su ne masu sayen babban buhu. Kai a littafinsu mai sayen tiya ɗaya ne, kuma daga garin da wataƙila ba wanda ya taɓa neman sa a taswira a ofishinsu. Kayan da aka ba manya a ɓoye ba don an raina ka ba ne kai kaɗai, yawanci akwai wayar da ba a sanar ba tukuna, da kwantira da ta hana magana. Ma'aikacin da ke ganin saƙonka ma mai yiwuwa an ɗaure masa baki, ko kuma su biyu ne a kan dubban saƙonni. Wannan ba uzuri ba ne, wanda ya ce kowa ya zo ya kamata ya tanadi mai amsa sallama. Amma sanin haka zai hana ka ɓata harsashi a kan wanda ba shi da iko.

Saboda haka ban goyi bayan rubutun abokinka ba, aƙalla ba yadda yake so ba. Zai samu yabo daga ƴan fada, mutum 200 su danna alamar so, wasu su zagi Turawa, gobe a manta. Kamfanin ba zai gani ba, in kuma ya gani, abin da zai rage a intanet shi ne sunanka manne da zagi, kuma wanda zai ba ka aiki nan gaba yana duba irin wannan. A ganina, abin da ya yi tasiri a 2008 ba zafin baki ba ne. Mutane ne da yawa, masu aiki a hannu, suka nemi abu takamaimai a fili, a lokacin da kamfanin ke tsananin buƙatarsu. In za ku yi magana a bainar jama'a, ku yi irin wannan. Batun wai an ba manya kaya a ɓoye kuma, ji kuka yi, kada ku rubuta shi kamar kun gani da ido.

Wasiƙunka 6 ban gan su ba, amma zan iya rantsuwa kowace ta haɗa ƙorafi huɗu da ɓacin rai. Ka raba su. Matsala ɗaya, saƙo ɗaya, da Turancin Ingilishi ko da na koyo ne, don Faransanci kan tsaya a hanya a irin waɗannan kamfanoni. Na haruffa ka rubuta shi kamar takardar likita: samfurin waya kaza, sigar tsari kaza, kafin sabuntawa ga hoto, bayanta ga hoto. Ka ba su lambobin haruffan a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, ƴ kuma U+01B4. Injiniyan da bai taɓa jin Hausa ba, da ya ga lambobin nan ya san inda zai duba. Ka ƙara musu da cewa ɓ da ɗ da ƴ ba na Hausa kaɗai ba ne, Fulatanci ma da su ake rubuta shi, tun daga Senegal har Kamaru. Wannan ya mayar da kukan yaro ɗaya a Damagaram maganar kasuwar miliyoyin mutane, yaren da suke ji ke nan. Ka nemi masu irin aikinka a Yamai da Kano da Dakar su tabbatar sun ga abin a wayoyinsu. Na ƙin manhajar kuma tambaya ɗaya ce: wane sashe na ƙa'idojinku muka saɓa, da lambarsa?

Kuma tsakani da Allah, maganar akwatunan nan ba sai ka jira su ba. Akwati na fitowa ne in salon haruffan da ke cikin wayar ba shi da wannan harafin. Ka sa naka a cikin manhajar. Salon haruffan da ake kira Noto kyauta ne, lasisinsu ya yarda a haɗa su cikin manhaja, suna da duk masu lanƙwasar nan, kuma kana iya rage fayil ɗin ka bar iya haruffan da kake buƙata don kada ya ci wa mutane mega. In tsarin ya yarda da haka, aikin yini ɗaya ne. Zargina shi ne fushi ya hana ka neman hanyar kewaye, kana jira sai mai laifi ya zo ya gyara da hannunsa.

To, abubuwan da ido ke gani. Ka ba kamfanin wa'adi a zuciyarka, kwana 60, ka rubuta ranar a bango. A cikinsu ka duba: sababbin wayoyi masu tsarin suna shigowa kasuwa, ko tsofaffin ne ake karyar da farashinsu? Takardun koyarwarsu yaushe rabon a taɓa su? A wata 6 da suka wuce, akwai kuskuren da wani ƙaramin mai manhaja ya kai aka gyara? Akwai ɗan Adam mai suna da ke amsawa ko sau ɗaya? Sannan gwajin da ya fi duka, wanda ban ga alamar kun yi ba: ranar Alhamis ka je wurin masu cajin waya a bakin Dole, inda mutanen ƙauye ke barin wayoyinsu, ka roƙi mai wurin ka ƙirga waya 100. Nawa ne masu wannan tsarin? Ka tambayi masu gyaran salula sau nawa ake kawo musu irinta. Ka ce kun zaɓi tsarin don manhajoji ba su yi yawa a cikinsa ba. Fili ba ya zama wayam banza, wani lokaci sabo ne, wani lokaci kuma ba ruwa a wurin, mu ƴan Damagaram mun fi kowa sanin wannan. In ka samu 2 cikin 100, ko gobe suka karɓi manhajarka da tafi, mutum 2 cikin 100 za ka yi wa aiki.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kana ganin wata 9 ɗinka suna cikin rumbun kamfanin a kulle. Ba sa can. Rubutun manhaja kowane ɗan lisans zai iya sake shi. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne mutum 7 a kasuwanni huɗu da suka yarda su turo maka farashi duk mako, da tarin farashin watannin nan, da muryar Hausa da manomi zai ji ya gane. Kuma buƙatar gaskiya ce. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta yi nazarin kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da rezo ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta gano zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Lura, a lokacin ba manhaja ko ɗaya, kira ne kawai, ɗan kasuwa ya tambayi ɗan'uwansa nawa tiya a can. Labarin ne ke da daraja, ba kwanon da aka zubo shi ba. Hukumar SIMA, mai ba da bayanan kasuwannin amfanin gona a Nijar, ita ma tana tattara farashin kasuwanni, don haka ba kai kaɗai ne a fagen ba. Inda za ka fi ta shi ne sauri da murya da kusanci.

Don haka ka fitar da dukiyarka daga gidan aro tun yau, ba sai wa'adin ya cika ba. Farashin ya zauna a wuri naka, manhajar kamfanin ta zama ƙofa ɗaya cikin ƙofofi. Ƙofa mafi sauƙi ba ta buƙatar izinin kowa: saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp, yammacin Alhamis bayan Dole ta watse, da yammacin Lahadi bayan Mirya. A sati biyu za ka san ko mutane na so, abin da wata 9 ba su gaya maka ba. Bayanta ƙaramin shafin intanet marar nauyi da kowace waya za ta buɗe. Sai manhajar Android, wadda fayil ɗinta ke yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender ba tare da mega ba. Nan ma kada ka ɗauka aljanna ce, a 2025 Google ya sanar zai fara neman masu manhaja su tabbatar da ko su waye, har waɗanda ba sa bi ta Play Store. Kowane gida da maigidansa. Ga masu ƙananan wayoyin maɓalli kuma akwai SMS, amma ka san wani abu: saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160, da ka sa ƙ ko ɗ guda ɗaya sai ya koma 70, kuɗin turawa ya ninka. A nan kam ka rubuta "kudi" ba lanƙwasa, malaman Hausa su yafe mana. Gidajen rediyon garin nan ma ka leƙa, mai shago da zai ɗauki nauyin minti biyu na farashin kasuwa ba zai yi wuyar samu ba.

Abokinka kada ka bari kamfanin da bai san da ku ba ya raba ku. Gajiya ce ke magana a bakinsa. Ku zauna ku rubuta a takarda wa ke da me: kwamfuta, lambobin sirri, lambobin mutanen kasuwa, da kason kowa in kuɗi ya shigo. In ya ce ya gaji, ya tafi da mutunci, ƙofa a buɗe, ta gaskiya.

Saura kawu, kuma da gangan na bar shi ƙarshe, don shi ne ciwon, sauran duk ƙaiƙayi ne. Sake karanta wasiƙarka. Wani ya amince da kai ya zuba abinsa, yana jiran bayani, kai kuma wata 4 kana aika masa da amsar inji: an kusa, an kusa. Yanzu har ka canza hanya. Abin da kamfanin ya yi maka wanda ya hana ka barci, shi kake yi wa ɗan'uwan mahaifiyarka, kuma kai ba ka da uzurin kwantira. Ka san yadda shiru ke sa mutum ya yi ta saƙe-saƙe. Shi ma yana yi. Wataƙila yana zaton ka cinye kuɗin, ko wani a fada ya riga ya kai masa labari da gishiri.

Kada ka raina fahimtarsa don bai san kwamfuta ba. Ɗan kasuwar da ya ga rufe iyakar Najeriya a 2019, ya sake ganin ta 2023, ya san ma'anar kaya su maƙale a hanya ba da laifinka ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ma ya taɓa ci. Abin da ƴan kasuwa ba sa yafewa shi ne mai bashi ya riƙa ɓuya. Ka je da takarda: ga abin da aka saya da jika 400, ga abin da ke nan a hannu wanda za a iya sayarwa in ta ɓaci, ga inda aka maƙale, ga abin da za ka yi cikin kwana 60. Ka faɗi abin da za ka iya biya duk wata, ko jika 10 ne, daga gyaran kwamfuta ko koyar da yara, kuma kada ka faɗi adadin da ba za ka iya cikawa ba don kunya. In ya yi faɗa ka sunkuyar da kai, haƙƙinsa ne. In kana jin nauyi ƙwarai, ka fara gaya wa mahaifiyarka, amma kada ka aike ta, kai za ka je.

Kada ka je ranar Alhamis, hankalinsa na kan ciniki. Ka same shi a gida ranar Juma'a bayan la'asar. Ka tafi da ɗaya daga cikin wayoyin gwajin, in an gama maganar kuɗi ka kunna masa muryar farashin wake na Mirya na Lahadin da ta wuce, ka tambaye shi ko daidai ne, kuma su wa ya sani a layinsu da za su so a riƙa turo musu.